Yadda Ake Karatun Kasuwancin Tufafi a Kwaleji Tare da Koyon Fasahar Kwamfuta

Duk rigar da ka gani a rataye a kanti, ko a shafin sayarwa na intanet, akwai wanda ya zauna watanni kafin nan ya yanke shawara a kanta: guda nawa za a ɗinka, da wane launi, da wane girma, nawa za a sa mata, kuma yaushe za a rage mata kuɗi idan ta ƙi tafiya. Ba shi ya zana ta ba, ba shi ya ɗinka ta ba, amma idan ya yi kuskure, kamfani zai kwana da kaya jibge a sito, ko kuma mai saye ya zo da kuɗinsa ya tarar babu girmansa. Wannan aiki shi ake koyarwa a kwaleji da sunan kasuwancin tufafi, kuma yau ba ya yiwuwa sai da kwamfuta. Abin da nake so ɗalibi ko ɗaliba su riƙe tun farko shi ne: lissafi da sanin yadi su ne ginshiƙin sana'ar, manhajoji kuwa a kansu ake ɗora su. Ga yadda nake ba da shawara a bi abin.

Mataki na farko: ka gane aikin kafin ka nemi gurbi

Ɗalibai da yawa suna shiga wannan fanni da zaton za su wuni suna zanen riguna. Sai a zangon farko su tarar da jadawalin lambobi, ransu ya ɓaci. Ayyuka uku ne suke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Mai zane shi ke fito da siffar tufa. Mai sayo kaya shi ke zaɓen abin da zai shiga kanti, ya yi ciniki da masana'anta. Mai tsara kaya shi ke riƙe da kasafi: ya duba abin da aka sayar bara, ya kintaci na bana, ya raba kaya ga rassa, ya ce a ƙaro wannan, a sauke farashin wancan. Akwai kuma mai shirya kaya don ido, wanda ke tsara tagar kanti da jerin hotuna a shafi.

Kafin ka cike fom, ka nemo tallan ayyuka goma na ƙananan masu tsara kaya ko mataimakan masu sayo kaya, ka karanta abin da kamfanoni ke nema. Za ka ga sunan Excel, manhajar jadawalin lissafi, yana yawan maimaituwa. Idan hakan bai kashe maka gwiwa ba, ci gaba.

Mataki na biyu: zaɓen kwaleji

Akwai makarantun da suka yi suna a fannin. A birnin New York na Amurka akwai Fashion Institute of Technology, wadda aka kafa a 1944, inda ake iya yin shekara biyu a karɓi ƙaramin digiri, sannan a ƙara biyu a kammala cikakken digiri. A birnin kuma akwai LIM College, wadda tun 1939 ta ke koyar da ɓangaren kasuwanci na harkar tufafi. A Landan akwai London College of Fashion mai digiri kan sayo kaya da tsara su, da Fashion Retail Academy da aka buɗe a 2005. Indiya na da National Institute of Fashion Technology tun 1986. Ban kawo su don in ce dole sai can ba. Amfaninsu shi ne jerin darussansu na nan a buɗe a intanet, sai ka ɗauke shi ya zama ma'aunin da za ka auna duk kwalejin da ke gabanka.

Tambayoyin da za ka yi wa makaranta kafin ka biya ko sisi su ne waɗannan. Akwai darasin lissafin ciniki a matsayin dole, ko na ganin dama ne? Akwai ɗakin gwajin yadi inda ɗalibi zai taɓa da hannunsa? Waɗanne manhajoji ake koyarwa, kuma makaranta ce ke biyan lasisinsu ko ɗalibi? Malaman sun taɓa riƙe kasafin sayo kaya a wani kamfani? Horon sanin makamar aiki yana cikin tsarin karatu, ko kowa tasa ta fisshe shi? Sannan hukumar ilimi ta ƙasar ta amince da takardar shaidar? Wannan ta ƙarshe kada ka yarda da maganar baki, ka duba rajistar hukumar da kanka. Idan ka samu dama ka yi magana da wanda ya gama shekara biyu da suka wuce, ka tambaye shi abin da ya tarar a wurin aiki wanda ba a koya masa ba. Amsarsa ta fi duk ƙasidar talla.

Mataki na uku: ka zauna da lissafin har ya zama jiki

A nan zan daɗe, domin a nan ake rabuwa. Lissafin ba mai wuya ba ne, bai wuce tarawa da rabawa da kaso cikin ɗari ba, amma dole ya zauna a ka yadda za ka ba da amsa a tsakiyar taro ba tare da ka lalubo waya ba.

Fara da bambancin ƙari da riba. A ce an sayo riga a kan 60, aka sa mata 100. Tazarar 40 ce. Idan ka auna ta da kuɗin saye, ƙarin ya kusa kashi 67 cikin ɗari. Idan ka auna ta da farashin sayarwa, ribar kashi 40 ce. Lamba ɗaya, fuska biyu, kuma ɗalibai na rikita su har shekara ta biyu. Yanzu a rage wa rigar kashi 25, ta koma 75. Abin da ya rage a kanta 15 ne kacal, wato ribar ta faɗo zuwa kashi 20. Kafin ka maida abin da riga ɗaya ke kawowa da, sai ka sayar da kusan uku. Duk wanda ya fahimci wannan ba zai riƙa saurin cewa a yi ragi ba, kuma zai gane dalilin da ya sa kuskuren saye tun farko yake da tsada.

Na biyu, kason da aka sayar. An kawo guda 400, cikin mako shida an sayar da 260, wato kashi 65. Da ganin wannan sai a ce madalla. To amma buɗe shi bisa girma. An kawo ƙarami 60, an sayar da 22. Matsakaici 120, an sayar da 116. Babba 120, an sayar da 98. Na gaba da shi 70, an sayar da 20. Mafi girma 30, an sayar da 4. Ka ga matsakaici ya ƙare saura huɗu, babba na bin sawunsa, ragowar 140 ɗin kuma yawancinsu girman da ba a nema ne. Kashi 65 ɗin nan ya ɓoye asara biyu: masu sayen da suka juya don babu girmansu, da kayan da sai an karya musu farashi. Wannan buɗewar ita ce zuciyar aikin. Ka saba da tambayar kowace jimla: me ke ƙarƙashinta?

Na uku, sauran kuɗin sayo kaya na wata. Ana tara cinikin da ake sa rai, da ragin da aka tsara, da kayan da ake so su rage a ƙarshen wata, sai a cire kayan da aka shiga watan da su, da waɗanda aka riga aka yi odarsu suna hanya. Misali, ciniki 50,000, ragi 3,000, ragowar ƙarshen wata 80,000, sun tashi 133,000. Cire 90,000 na farkon wata da 20,000 na hanya, saura 23,000. Iyakar abin da mai sayo kaya zai iya kashewa ke nan, komai kyan abin da aka nuna masa. A lura, duka lambobin a ma'auni ɗaya ake ɗaukarsu, ko dai duk a farashin sayarwa ko duk a kuɗin saye, ba a gauraya.

Ƙara da juyawar kaya, wato sau nawa aka sayar da kwatankwacin abin da ke sito a shekara, da kuma makonnin da ragowar kaya za su kai idan ciniki ya ci gaba a yadda yake. Ka ƙirƙiro wa kanka misali ɗaya kullum, ka warware shi da biro da takarda tukuna, sannan ka maimaita a kwamfuta.

Mataki na huɗu: Excel kafin komai

Na san manhajar da ke ɗora riga a jikin mutum-mutumi tana jujjuya shi ta fi jan hankali. Amma ranar farko a ofis, fayil mai layi dubu biyar za a turo maka a ce a fito da kaya ashirin da suka fi tafiya kafin azahar. Saboda haka ka fara da Excel ko Google Sheets, ka bi su daki-daki.

Makonnin farko, koyi tsabtace bayanai: layi ɗaya kaya ɗaya, ginshiƙi ɗaya bayani ɗaya, ba a haɗe gidajen jadawali, ba a rubuta launi ɗaya da haruffa iri uku. Abin kamar wasa, amma idan wani ya rubuta baƙi, wani baki, wani BK, kwamfuta za ta ɗauke su launi uku, jimlarka ta lalace ba ka sani ba. Daga nan ka shiga SUMIFS da COUNTIFS, umarnin tarawa da ƙirgawa bisa sharaɗi, sai VLOOKUP ko XLOOKUP don haɗo farashi daga wani fayil zuwa na ciniki ta hanyar lambar kaya. Sai PivotTable, wanda da shi za ka yi irin buɗewar girma da na nuna a sama cikin minti biyu. Idan waɗannan sun zauna, ka taɓa Power BI ko Tableau don zana bayanai, ka kuma koyi ɗan SQL, harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi. Ba sai ka zama mai rubuta manhaja ba. Ya isa ka iya ciro cinikin mako ɗaya na reshe ɗaya da kanka, ba sai ka jira wani ba.

Mataki na biyar: yadi da launi, da hannu da ido

Lamba ba ta gaya maka dalilin da ya sa wando ya ƙi tafiya. Wani lokaci yadin ne ke ƙaiƙayi, ko ya tsuke bayan wanki ɗaya. Ka sayi littafi mai kauri ka riƙa manna guntayen yadi: auduga, lilin, ulu, siliki, foliyesta, biskos. Ƙarƙashin kowanne ka rubuta abin da aka haɗa shi da shi, da nauyinsa, giram nawa ne a murabba'in mita, da yadda ya yi bayan ka wanke shi. Yanka murabba'i mai santimita goma kowane gefe, ka wanke, ka shanya, ka sake aunawa. Idan ya koma tara da rabi, ya tsuke da kashi 5, kuma a doguwar riga wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Launi kuwa ya taɓa ba ni darasin da ban manta ba. Lokacin da nake horon aiki a wani kamfani, an ba ni hotunan wata riga ruwan toka mai ɗan sirkin kore in ɗora a shafin sayarwa. A allon kwamfutata ta fito kamar shuɗi mai sanyi, ta yi kyau ƙwarai, na ɗora ban je na ɗauko rigar na kara da allon ba. Ciniki ya yi kyau a makon farko. A na uku sai kwalaye suka fara dawowa, kusan kowace takardar mayarwa da dalili ɗaya: launin ba shi ne na hoto ba. Shugabar sashen ba ta yi mini faɗa ba. Ta kai ni wani ɗan ɗaki mai akwatin haske, ta shimfiɗa rigar, ta kunna fitilar da ke kwaikwayon hasken rana, sannan ta sauya zuwa ta kanti. Ina kallo launin ya canja a gabana. Daga ranar ban sake amincewa da launi a allo ba sai na ga yadin. Wannan ne dalilin da ya sa masana'antu ke magana da lambobin Pantone, tsarin da ya ba launuka lamba, maimakon sunan launi, kuma ake turo ɗan guntun rini a amince da shi kafin a rina dubban mitoci.

Mataki na shida: sauran manhajojin, bisa tsari

Bayan Excel, Adobe Illustrator ya biyo. Da shi ake zana tufa a shimfiɗe, gaba da baya, don takardar bayanin ɗinki da ake aika wa masana'anta, mai ɗauke da awo, da irin zare, da maɓalli, da wurin lakabi. Mai tsara kaya ba lallai ya zana ba, amma dole ya iya karanta takardar ya gano inda kuɗi ke zurarewa. Photoshop, manhajar gyaran hoto, kaɗan ya isa. CLO 3D da Browzwear su ne masu ɗinka tufa a cikin kwamfuta a ga yadda za ta zauna a jiki kafin a yanka yadi, abin da ke rage yawan samfurin da ake aikawa ana dawowa da shi. Zango ɗaya a kansu ya wadatar, sai in can zuciyarka ta karkata.

Ka fahimci yadda ake bin sawun kaya. Kowane haɗin salo da launi da girma yana da lambarsa, don haka riga ɗaya mai launi huɗu da girma biyar lambobi ashirin ce. Zanen layukan nan da ake haskawa a wurin biya an fara amfani da shi a wani kanti a jihar Ohio ta Amurka a 1974, kuma ƙungiyar GS1 ce ke kula da tsarin lambobinsa a duniya. Manyan kamfanoni irin su Inditex, mai kantunan tufafi na Zara, sun ƙara da alamar RFID da ake karantawa ta iska, a ƙirga kayan kanti ba sai an ɗaga kowanne ba.

Sai ciniki ta intanet. Buɗe shagon gwaji a Shopify, dandalin buɗe shagon intanet, ko makamancinsa, ka ɗora kaya goma da hoto da bayani da jadawalin awo. Koyi Google Analytics, manhajar bin diddigin masu shiga shafi, har ka iya cewa: mutum 10,000 sun shigo, 200 sun saya, kashi 2 ke nan, kuma a wane shafi sauran suka fice. Ka riƙa duba kason mayar da kaya tare da na ciniki koyaushe, domin kayan da aka saya aka dawo da su ba ciniki ba ne, ɗawainiya ce biyu. Bayanan masu saye kuma amana ne, akwai dokoki a kansu, kamar dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018.

Game da ƙirƙirarriyar basira, ka yi amfani da ita wajen kintacen ciniki da rubuta bayanin kaya, amma ka riƙa bin lambobinta da naka lissafin. Na'ura za ta ga matsakaicin girma ya daina tafiya a mako na bakwai ta ce an daina son sa, alhali ƙarewa ya yi. Wanda ya yi mataki na uku da kyau shi kaɗai zai kama wannan.

Mataki na bakwai: kalandar baya-baya

Ɗauki ranar da kaya za su shiga kanti, ka riƙa komawa baya: rabawa ga rassa, fitowa daga kwastan, tafiyar jirgin ruwa, duba inganci, ɗinki, yanka, isowar yadi, amincewa da samfur, ba da oda. Sa wa kowanne kwanakinsa, ka bar sarari don abin da ba a zata ba. Masana'antun Sin na rufewa lokacin sabuwar shekararsu, duk mai oda a can yana lissafi da hakan. A watan Maris na 2021 jirgin Ever Given ya toshe mashigin Suez kusan kwana shida, kaya da yawa suka makara. Rigar sanyi da ta iso bayan sanyi ya wuce, ragi ne makomarta.

Kalandar nan tana da wata fuska da nake so ɗalibi ya kalla da idon basira. Idan ofis ya makara wajen amincewa da samfur amma ya ƙi ɗaga ranar karɓar kaya, matsin a kan masu ɗinki yake sauka. A ranar 24 ga Afrilu, 2013, ginin Rana Plaza ya rushe a Bangaladash, mutum sama da 1,100 suka rasu, yawancinsu ma'aikatan ɗinki. Idan kwalejinka na da darasi kan sa ido a masana'antu da asalin kaya, ka ɗauke shi da muhimmancin da ka ba lissafi.

Mataki na takwas: horon aiki da kundin da za ka nuna

Tun shekarar farko ka nemi aikin wucin gadi a kantin tufafi, ko da na ninke kaya ne. A nan za ka ji abin da mai saye ke faɗa idan ya fito daga ɗakin gwaji ya ajiye riga. A shekara ta biyu ka nemi horo a ofishin sayo kaya ko tsara su. Idan an ba ka shigar da bayanai, ka yi shi ba kuskure, ka roƙi izinin zama a taron duba cinikin mako, ka yi shiru ka rubuta.

Kundin aikinka kada ya zama tarin hotuna masu kyau kawai. Ka gina aiki ɗaya cikakke daga tushe. Zaɓi rukunin kaya ɗaya, a ce rigunan aiki na mata na kakar ciniki ɗaya. Rubuta shafi ɗaya kan wadda za ta saya. Ziyarci kantuna uku masu gogayya, ka jera farashinsu da yadinsu da launukansu a jadawali, ka nuna giɓin da ka gani. Tsara salo goma sha biyu, kowanne da launi da girma da adadi da kuɗin saye da farashi. Yi kasafin wata shida mai ɗauke da ciniki da ragi da sauran kuɗin saye. Haɗa kalandar baya-baya. Sannan ka ƙirƙiri cinikin mako shida, ka bayyana a fili cewa na gwaji ne, ka rubuta shawarar da za ka yanke: wanne za a ƙaro, wanne za a matsar zuwa wani reshe, wanne za a sauke wa farashi da kashi nawa.

Ranar ganawar neman aiki, ka tafi da fayil ɗin Excel ɗin kansa a kwamfutarka, ba hotonsa ba. Mai yi maka tambayoyi zai iya cewa masana'anta ta ƙara kashi 8 a kuɗin yadi, ko jirgi ya makara da mako uku. Sai ka buɗe fayil ɗin a gabansa, ka canja gida ɗaya, ku kalli yadda ribar kowane salo ta motsa, ka faɗi wanda za ka fara cirewa daga cikin goma sha biyun da dalilinka.